Yadda Ake Haɗa Ɗakin Haya da Abokan Karatu a Jos, Har a Rabu Lafiya

Gadajen da ke ɗakunan kwanan Jami'ar Jos, irin su Village Hostel da Abuja Hostel da na Naraguta, ba sa isar ɗaliban da ake ɗauka. Shi ya sa da yawa ke ƙarewa a gidan haya, mutum biyu ko uku ko huɗu a ɗaki guda. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Sai dai in ka bibiyi rigimar ɗakin ɗalibai, da wuya ka tarar mugun hali ne ya haddasa ta. Yawanci magana ce da aka ji nauyin faɗa tun farko: wa zai cika gas, wa ya ƙarar da ruwan duro, ƙanin wane da ya zo kwana biyu ga shi yana neman wata biyu. Maganin duka ɗaya ne, a faɗa tun ana shiri, kuma a rubuta.

Kayan da za a tanada

Na kowa da kansa: katifa mai faɗin ƙafa biyu da rabi ko uku (babbar katifa cinye ɗaki take yi), bargo mai kauri, rigar sanyi da safa, gidan sauro, bokiti da buta, faranti da kofi da cokali, tocila, da akwati mai kwaɗo.

Na haɗaka: ledar ɗaki, labule mai kauri, tukunyar gas mai kilo 6 (mai kilo 3 ta ishi mutum biyu), tukwane biyu, wuƙa, ludayi, muciya, jarkoki masu lita 25 guda biyu ga kowane mutum ko duro ɗaya mai murfi, tsintsiya, kwandon shara, ekstenshin mai kaurin waya, kwaɗo mai makullai daidai yawanku, gwangwanin madara ɗaya na awo, sai littafin rubutu da biro.

Kada ku haɗa kuɗi ku sayi babban kaya. Gara wannan ya sayi tukunyar gas ta zama tasa, wancan ya sayi duro, ɗayan ya sayi leda da labule. Ranar rabuwa kowa ya ɗauki abinsa, babu raba silinda gida huɗu. In aljihu ya yi sanyi, bargo da rigar sanyi na gwanjo a kasuwar Katako sun fi sabbin marasa kauri amfani, amma a wanke su da ruwan zafi a shanya a rana kafin su shiga ɗaki.

1. Zaɓen abokin zama

Zama ɗan gari ɗaya ko ɗan aji ɗaya ba shi ne dacewa ba. Abin da ake dubawa uku ne: lokacin barcinsa, tsabtarsa, da yadda kuɗi ke zuwa masa. Wanda ake turo wa kuɗi duk wata da wanda sai ya je gida ya ɗebo buhu sau ɗaya a zango za su iya zama tare, amma sai an san haka tun farko don a tsara wanda zai kawo hatsi da wanda zai riƙe gas da cefane. Ka tambaya kai tsaye: "Ɗan'uwa, kai da dare kake karatu ko da asuba? Kana shan sigari? Kana yawan baƙi?" Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa.

Mutum uku a ɗaki ya fi huɗu sauƙi, amma yana da nasa aibin, biyu sukan haɗe kai su bar ɗaya. In addininku ba ɗaya ba ne, wanda abu ne da aka saba gani a Jos, ku yi maganar tashin asuba, da sahur a watan azumi, da addu'ar dare, da irin naman da zai shiga tukunya. Magana ce ta minti goma da ke raba ku da gunaguni na shekara.

2. Duba gida

Fara da sanin inda lakcocinka suka fi yawa, harabar titin Bauchi ko ta Naraguta, ko kuwa Lamingo in kana ɓangaren asibitin koyarwa. Masu karatu a titin Bauchi sukan nemi Unguwar Rogo da Unguwar Rimi don a ƙafa ake shiga makaranta. Masu Naraguta sukan duba Farin Gada da Rusau da ƙauyen Naraguta. Ɗakin da ya yi araha amma sai an hau keke biyu, lissafa kuɗin zuwa da dawowa na kwana biyar a mako har ƙarshen zango, sau da yawa za ka ga arahar ta gudu.

Je ka ga ɗakin sau biyu, ba tare da ejan ba a karo na biyu. In damina ce, je bayan an ɗauke ruwa. Jos na samun ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma Yuli da Agusta ne ke tona asirin gini. Ɗaga kai ka dubi silin, tabo mai ruwan ƙasa alamar yoyo ne. Shafa gindin bango, in da sanyin danshi ko fenti na ɓarewa, littattafai da takalma za su yi funfuna. Haska tocila a tsagar bango da bayan ƙofa, ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe kashin kuɗin cizo ne. Dubi taga: gilashin da ya fashe a watan Yuni ba komai ba ne, a Disamba kuwa azaba ce, musamman in tagar na fuskantar arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa.

Sannan ka sami ɗalibin da ke zaune a gidan ka tambaye shi abin da ejan ba zai faɗa ba. Rijiyar gidan tana kaiwa watan Maris da ruwa? Tazarar ta da ramin masai fa? Ɗaki nawa ke amfani da banɗaki ɗaya? Ƙarfe nawa ake kulle ƙofar gida? In transifoma ta lalace, kwana nawa ake yi a duhu? Ka kuma gwada layin wayarka a cikin ɗakin da ƙofa a rufe.

Maganar tsaro ba a jin kunyarta. Jos gari ne da kowa ya san tarihinsa na rikici. A watan Agustan 2021 an sa dokar hana fita, jami'a ta dakatar da karatu, gwamnatocin jihohi suka riƙa turo motoci suna kwashe ɗalibansu. Ka zauna inda hankalinka da na iyayenka zai kwanta, ka san hanyar da kake bi zuwa makaranta da wata ta biyu, ka kuma gabatar da kanka ga maƙwabta.

3. Biyan kuɗi

Kada ka ba ejan ko sisi na haya kafin ka ga mai gida ko mai kula da gidan ido da ido. Ana yawan damfarar sababbin ɗalibai da ɗakin da aka riga aka ba wani. La'adar ejan yawanci kashi 10 cikin ɗari ce ta kuɗin shekara, wasu kuma sukan ƙara kuɗin takardar yarjejeniya da kuɗin ajiya na ɓarna. A tambayi jimla tun farko. A biya ta banki, a karɓi rasit, kuma a sa sunayenku duka a kai. In sunan mutum ɗaya ne a rasit, ranar da aka saɓa shi ne mai ɗaki, saura baƙi ne.

Ku gaya wa mai gida gaskiyar yawanku. "Baba, mu uku ne za mu zauna, ga sunayenmu da lambobin iyayenmu." Ɓoye mutum ɗaya don gudun ƙarin kuɗi shi ne abin da ya fi jawo takardar tashi a tsakiyar zango. Kafin ku shigar da kaya, ɗauki hoton bango da taga da soket da ƙofa, ku tura wa mai gida ta WhatsApp. Ku dubi mita: in ta kati ce, a tambaya ko akwai tsohon bashi a kanta, domin in akwai, duk sayen da kuka yi sai an zaftare wani abu. In takardar wata-wata ake kawowa, a nuna muku ta ƙarshe da shaidar biya. Ku canza kwaɗo a ranar.

4. Zaman farko da littafin ɗaki

A daren farko, kafin kowa ya saba da wani abu, ku zauna da littafin nan. Shafin farko na kayan kowa ne: wane ya kawo kaza. Shafi na biyu ƙa'idoji, kada su wuce goma. Sauran shafuka na kuɗi ne, a ja layi huɗu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da aka saya, abin da ya rage.

Tsarin ci iri uku ne. Akwai tukunya ɗaya, inda komai na haɗaka ne. Akwai rabi da rabi, inda gas da wuta da ruwa da gishiri da magi da sabulun wanke-wanke suke na asusu, amma kowa da shinkafarsa da taliyarsa. Akwai kuma kowa tasa ta fisshe shi. Tukunya ɗaya ta fi araha nesa ba kusa ba, ita ce kuma ta fi kashe zumunci, domin ba a jima ba za a fara ƙirga lomar juna. Ku fara da rabi da rabi na wata ɗaya. In kun ga hannunku ya zo ɗaya, ku koma tukunya ɗaya. Hawa ya fi sauka sauƙi a nan: wanda ya ce a raba tukunya bayan an haɗa, kamar ya ce wani na cin hakkinsa ne.

A sa ranar zubi tsayayya, misali kafin 5 ga wata. Ma'aji ya riƙa juyawa duk wata, kuma kada ya zuba kuɗin asusu cikin nasa. Ya ware su a wani asusun waya irin OPay ko Moniepoint, ko a ambulan cikin akwati. Duk abin da ya saya ya rubuta a ranar, ko da ashana ce. A ware kashi ɗaya cikin goma kada a taɓa, na ranar da gas ya ƙare ana tsakiyar dafa wake ne, ko aka zo karɓar kuɗin gyaran transifoma. Wanda kuɗinsa ya makara, ko daga gida ko alawus ɗin naira 20,000 da yake jira daga NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, ya faɗa kafin ranar zubi, a rubuta bashi da ranar biya. Kada bashi ya haura wata biyu, in ya haura a zauna a sake tsari.

5. Wuta, gas da sanyi

Rigimar wuta tana mutuwa da zarar kowa ya iya lissafi guda: wat sau awa, a raba da 1000, shi ne yunit. Ƙwan fitila mai wat 10 na awa shida bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit ba. Kwamfuta mai wat 60 ta awa biyar ba ta kai rabin yunit ba. Amma hita mai wat 1000 a bokiti na minti 30 rabin yunit ce. Mutum huɗu kullum yunit 2 ke nan, a wata 60. Rishon lantarki kuwa, in aka ɗora wake na awa biyu, yunit 2 zuwa 3 sun tafi. Saboda haka mai cajin waya ba shi ne ke shanye kati ba. Duk abin da ke yin zafi shi ne ɓarawon: hita, dutsen guga, rishon lantarki. In mita ɗaya ce ta gida duka, a yi rabon bisa waɗannan kaya, ba bisa yawan kawuna kaɗai ba.

Dabarar ruwan wanka a hunturu ita ce a tafasa tukunya ɗaya a raba wa bokiti biyu a sirka, maimakon kowa ya dumama cikakken bokiti. In da hita za a yi, bokitin roba, a rataye ta a sanda don kada ta taɓa jikin robar, kada a sa hannu a ruwa tana kunne, kuma a cire ta daga soket kafin a ɗaga ta. Kada a haɗa hita da dutsen guga a ekstenshin ɗaya, wayar narkewa take yi. In an ɗauke wuta, nan take a zare duk abin da ke zafi. Gobarar ɗakin ɗalibai da yawa daga nan take tashi, an manta an tafi lakca, wuta ta dawo.

Gas: ranar da aka cika, liƙa takarda a jikin tukunyar ka rubuta kwanan wata. Cikawa biyu ta isa ku san kwana nawa take yi muku. Bayan kowace cikawa a shafa kumfar sabulu a wuyan tukunyar da mahaɗar tiyo, in kumfa na tasowa akwai yoyo. In an ji warin gas, ba ƙyasta ashana, ba taɓa makunnin fitila, a buɗe ƙofa da taga a fitar da tukunyar waje. Jiƙa wake tun dare yana rage cin gas sosai.

Abu ɗaya da babu sassauci a kansa: kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Jos na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauko kusa da digiri 10, sai wani ya ce a shigo da garwashi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci take ƙara wa mutum har ya zarce. Haka hayaƙin janareta kusa da taga. Maganin sanyi shi ne safa, hula, bargo biyu, kwali a ƙarƙashin katifa, da tsumma a ƙasan ƙofa.

6. Ruwa

A ƙiyasta jarka ɗaya ga mutum a rana don wanka da alwala da banɗaki, ban da ranar wanki. Duro mai lita 200 jarka takwas yake ci, wato kwana biyu ga mutum huɗu. Daga Fabrairu zuwa saukar ruwan farko rijiyoyi kan ja baya, 'yan ga-ruwa su ƙara kuɗi, don haka a ƙara kason ruwa a asusu na waɗannan watanni. Ɗiba da asuba ya fi, kafin a dama rijiyar. Ruwan sha daban da jarkarsa mai alama, a tafasa shi ko a sa maganin tsabtace ruwa yadda aka rubuta a kwalbar. Alif kwantar da laka kawai yake yi, ba ya kashe ƙwayar taifod.

7. Cefane da girki

Nan Jos ta yi wa ɗalibi gata. Dankalin Turawa da ake nomawa a Bokkos da Mangu, da kabeji da karas da tumatir da koren wake, duk a kasuwar Farin Gada sun fi na shagon unguwa sauƙi, musamman in an je da sassafe an saya a kashi. Hatsi kuma a saya da mudu a Katako. Da kun dawo, ku auna mudun da gwangwaninku ku rubuta, domin mudun wani gari ba na wani ba ne. Gwangwani ɗaya zuwa ɗaya da rabi na shinkafa ya ishi mutum a ci ɗaya. Daga nan kun san kwana nawa mudu zai yi, babu zargi.

Tunda babu firji, a soya miyar tumatir ta ƙone ruwanta sosai, a riƙa dumama ta safe da dare, kada a sa cokalin da aka lasa. Dankali a baza shi a kan kwali a wuri mai duhu, kada a bar shi a leda. Wanda ya yi kore ko tsiro a yanke wurin sosai, in ya yi yawa a zubar. Kullum a bar abincin kwana uku a ajiye, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da taliya da suga, saboda ranar da za a wayi gari an ce kowa ya zauna a gida.

Wanda ya dafa ba shi zai wanke ba. Wanda ba ya nan a zuba masa nasa a kula kafin a fara ci, ba ragowa ba.

8. Shara da ƙwari

A liƙa jadawali a bayan ƙofa: shara, banɗaki, kai shara bola. Mako-mako ya fi kullum-kullum, don an fi gane wanda ya yi sakaci. In kuɗin cizo ya ɓulla, kowa ya fitar da kayansa rana ɗaya, a zuba tafasasshen ruwa a tsagogi, a shanya katifu, a toshe ramukan bango, a maimaita bayan kwana bakwai zuwa goma saboda ƙwai. Yi wa katifa ɗaya magani aikin banza ne. Kada a fesa fiya-fiya ko Sniper a ɗakin da ake kwana ake girki, guba ce ga mutum ma.

9. Baƙi, aro da dare

Baƙo na kwana uku baƙo ne. Wanda ya wuce mako ya zama mazauni, ko ya shiga zubi ko wanda ya kawo shi ya biya masa, kuma sai kowa ya yarda. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi jin nauyin faɗa, ita ce kuma aka fi buƙata a farkon zango, lokacin da 'yan garinku da ba su sami ɗaki ba ke neman inda za su raɓa. Baƙon da ba jinsinku ba a tsaya da shi a ƙofar gida ko inda mai gida ya amince.

Aro sai da tambaya, ko da caja ce ko turare ko takalmin Juma'a. Kuɗi da takardun makaranta a akwati a kulle, ba don ana zargin kowa ba, don kada a kai ga zargin. A sa lokacin kashe babbar fitila, misali ƙarfe 11, mai karatu ya koma ƙaramar fitila, mai kallo ya sa abin kunne. Wanda ya tafi karatun dare a aji ya bari sai gari ya waye, kada ya taho shi kaɗai ƙarfe biyu. Lambar iyayen kowa ta kasance a bangon littafi, kuma kowa ya yi katin asibitin makaranta tun yana da lafiya.

10. In an saɓa

Kada a yi habaici, kada a sa a status, kada a kai ƙara aji. Ka ja shi gefe a ranar ko washegari, ka faɗi abu guda da ya faru: "Ɗan'uwa, jiya ruwan da na ajiye na wankan safe an yi amfani da shi, don Allah a riƙa tambaya." Banda "kullum haka kake yi". In bai gyaru ba, a kawo shi zaman ƙarshen wata a buɗe littafi. In nan ma ya gagara, a nemo babba da kowa ke jin nauyinsa, ɗan ajin ƙarshe na garinku ko wani daga shugabannin MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Mai gida shi ne na ƙarshe, domin shi maganinsa ɗaya ne, ku tashi duka. Batun sata kuwa, in ba hujja a hannu, a faɗi abin da ya ɓata a gaban kowa ba tare da kama suna ba.

11. Hutu, yajin aiki da tashi

Kuɗin haya ba ya tsayawa don an rufe makaranta. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 ya faro ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, ɗalibai suka dawo suka tarar hayarsu ta ƙare a ɗakin da ba su kwana ba. Ku rubuta tun yanzu: in haka ta faru, kowa zai biya kasonsa na sabuntawa ko yana gari ko ba ya gari, wanda ya zauna a ɗakin lokacin hutu shi ke da wuta da ruwa. Wanda zai fita a tsakiyar shekara ya ba da sanarwar wata guda, ya kawo madadin da sauran suka yarda da shi, daga hannun madadin zai karɓi ragowar kuɗinsa.

Kafin tafiya hutu a zubar da ruwan duro a kife shi, a rabar da sauran dankali da albasa, a jingina katifu a bango, a ɗaga littattafai daga ƙasa, a rufe gas, a zare komai daga soket, a tafi da kwamfuta da takardu. A sallami mai gida da maƙwabci ɗaya, a bar musu lamba.

Ranar tashi na ƙarshe, a buɗe shafin farko kowa ya ɗauki abin da ya kawo, a raba ragowar asusu, a share ɗakin, a cire ƙusoshi a toshe ramukansu. A kira mai gida ya duba da hotunan ranar shiga a hannu, a rubuta yunit ɗin da ya rage a mita, a karɓi kuɗin ajiya, sannan a miƙa makulli a gaban shaida.